Motar da Aka Wanke wa Fuska Kaɗai

Ni ba tsohuwa ba ce, 'yata ma ban yaye ta ba tukuna. Amma tun da yaƙi ya kore mu muka gudu muka dawo, nake jin kaina kamar haboba, irin kakannin nan da ke zama a kan gadon igiya suna ta ambaton abin da babu shi yanzu. Ashe in mutum ya rasa unguwar da ya tashi, ko furfura bai yi ba ya tsufa. Abin da ya tono mini wannan tunani kuwa ba wani babban abu ba ne a idon jama'a. Gaban mota ne, bamba da ragar da ke samanta, wurin da iska ke shiga ta sanyaya inji. Ban yi nisa a makaranta ba, karatun takarda yana ba ni wahala har gobe, amma gaban mota kam na iya karanta shi. Wani lokaci har nakan ce da ma ban iya ba.

A Kalakla na tashi, kusa da Farin Kogi. Ba zakara ke tashe mu da safe ba, mai madara ne. Yakan zo a kan jakinsa yana buga gwangwani da 'yar sanda, ƙwal ƙwal ƙwal, sai Inna ta miƙo mini kwano ta ce in yi sauri kafin ya wuce. Daga nan ƙamshin gawayi, da ƙarar tsintsiya a ƙofar kowane gida, da 'yan kamashon hafla, ƙananan bas ɗin haya, suna kiran fasinja a bakin titi. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su ƙasar nan suka zauna, shi ya sa a cikin gida Hausa muke yi, in mun fita sai Larabci. Baba kuwa wankin mota ne sana'arsa, a Alshajara, gefen garejin makanikai. Ran Juma'a da ranakun hutu a ƙofar gidanmu yake yi, ƙarƙashin wata darbejiya da shi ya dasa ta da hannunsa, da tsohuwar ganga cike da ruwa a gindinta. Yayana ya ƙi sana'ar, ya ce shi walda zai koya, don haka ni ce mai riƙe wa Baba tsumma.

Baba ba ya cewa gaban mota, fuska yake cewa. Yakan ce duk abin da hanya ta jefo, fuska ce ke fara karɓa, saboda haka ita ake lallaɓawa. Ba ya taɓa motar da ta zo da zafi. Sai direba ya zauna ya sha shayi, inji ya huce, a tura ta inuwa, don sabulu in ya bushe a kan fenti mai zafi tabo yake bari. Ba ya yarda a goge ƙura a bushe, wai ƙurar ƙasar nan yashi ce, in ka murza ta da tsumma kamar ka ɗauki dutse ka kankare fentin ne. Ruwa yake fara kwararawa a hankali har ƙasar ta gangara da kanta. Ƙwarin da suka mutu suka manne kuwa, ba a kankare su da farce. Yakan jiƙa tsohuwar jallabiya ya shimfiɗa a kansu ya tafi harkarsa, in ya dawo sun yi laushi, shafa ɗaya sun fita. Bokiti biyu yake ajiyewa, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma, kuma in tsumma ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Raga kuwa da tsohon burushin haƙori muke bin ta rami-rami, muna zaro leda da gashin tsuntsu da ciyawa, saboda in suka toshe iska mota zafi take ɗauka. Abu uku ne ya haramta wa fuska: fetur, garin sabulun wanki, da soson ƙarfe. Kashin tsuntsu kuma ba ya bari ya kwana. Ko jinin karama, wanda ake yanka rago a dangwala hannu a bamba in an sayi sabuwar mota, yakan ce wa mai ita, "Albarkar ta riga ta shiga, ya Haj. Kada ka bar rana ta dafa jinin a kan fenti."

A lokacin yawancin bamba ƙarfe ne mai walƙiya, har ina leƙa fuskata a ciki ina dariyar yadda hancina ke faɗi. Baba yakan tsane shi da auduga mai laushi, ya shafa man goge mota siriri, ya jira ya yi fari-fari, sannan ya goge. Yanzu duk roba ce. Masu wankin yau kuma ba su da haƙurin jira. Za ka ga an kunna injin fesa ruwa an dosa bakinsa a raga har siraran ƙarafan lagireto su lanƙwashe, a zuba garin sabulu, a ƙare da shafa baƙin man inji a bamba don ta yi ƙyalli. Mai mota ya tafi yana murna, kafin la'asar ƙura ta manne kamar an barbaɗa gari a kan kitse. Da can direba yakan zauna a yi hira har a san sunan 'ya'yansa. Yau kowa idonsa na kan hanya, kowa yana tsoron a tambaye shi daga ina.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Mai madara bai zo ba. Na tsaya da kwano a ƙofa har rana ta fara zafi, Inna ta gaji ta dafa mana shayi baƙi. Can da hantsi sai ga wani direban ɗan kasuwa ya kawo boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Jikinta duk ƙura, har mutum ya iya rubutu da yatsa a ƙofa, amma gabanta tas, yana ta ƙyalli, warin fetur na tashi. Baba ya zagaya ta bai taɓa ba.

"Ya Haj, ka wanke mini ita da sauri," in ji direban, "maigida na jira."

"Wa ya fara maka aikin?"

"Wane aiki?"

"Fuskar nan. Ko ita ta yi alwala da kanta?"

Direban ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai ƙwari ne suka dame shi ya ɗan goge. Baba ya ce, "Da fetur? Ƙwarin nan lalle manya ne." Sai ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa burushi. Ya durƙusa ya zura shi can cikin raga, inda tsumma ba ya kaiwa, ya jawo wani gashi toka-toka mai kauri. Ya kai hancinsa kusa da lagireto ya shaƙa. Ni ma daga inda nake na ji, tsamin madara ce da ta sha zafin inji.

"Ɗana," in ji Baba a hankali, "yau baƙin shayi muka sha a gidan nan."

Mutumin nan ƙato ne, amma sai na ga ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce wallahi bai gan shi ba, kwana ce, kuma ya ji tsoro. Baba bai ɗaga murya ba, bai kira kowa ba. Ya rufe ganga, ya sa hularsa, ya shiga gaban boksin ya ce, "Mu je. Ba na wanke mota sai ta gama ba da shaida." Suka sami mai madara kwance a gida da ciwon ƙugu, jakin kuma ya karye. Dattawa suka zauna aka yi sulhu irin na da, aka saya masa wani jaki. Da Baba ya dawo da yamma, yana wanke ƙafa ya ce mini, "'Yar Baba, ki riƙe wannan. In kin ga an wanke fuska an bar jiki, to fuskar za ki tambaya." Ina yarinya, na ɗauka zancen mota kawai yake yi.

Baba ya rasu a can inda muka yi gudun hijira, Allah Ya jiƙansa. Yayana kuwa ba mu san me za mu ce ba, ko Allah Ya jiƙansa ko Allah Ya dawo da shi. Lokacin da harbi ya ɗan lafa, muna fake a Omdurman, ƙetaren kogi daga Kalakla, ya ce wa Inna zai leƙa kasuwa. Muka yi ta nemansa a kasuwa da asibitocin wannan gefen. Sai daga baya wani ya ce ya gan shi ya nufi gada, zai je ya duba gidanmu na Kalakla. Mun ɓata kwanakin da suka fi muhimmanci muna nema a inda bai je ba. Shi ya sa da muka dawo muka zauna a Umbadda, nan gefen Omdurman, gidan su maigidana, ya gyara amjad ɗinsa, 'yar ƙaramar motar haya, na sa shi ya rantse mini ba zai ƙetare kogi ba. Ya yi Umbadda, ya yi kasuwa, ya yi duk inda yake so a Omdurman, amma ban da gada. Mutane na cewa an samu sauƙi, ana komawa. Ni dai abin da nake ji shi ne abubuwan da ba su fashe ba a cikin kango, da shingaye, da motocin da ake tsayarwa a karɓe. Ya rantse, ina riƙe da 'yarmu Ummi tana jaririya.

Baban Ummi mutumin kirki ne, amma shi da tsabtar mota sai a hankali. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya ɗauki tsumma ba. To, kwanakin baya sai na lura in ya dawo ya ɗauki yarinya, hannunsa na warin fetur. Na ce ko tanki ne ke yoyo. Washegari na leƙa waje na ga amjad ta sha jar ƙurar Umbadda har rufi, amma gabanta fes. A baƙar robar bamba kuma ga wani wuri ya yi fari-fari, irin kodewar da fetur ke yi. Na koma ɗaki na zauna, nono ma ya ƙi zuwa. Mai madara na tuna. Na ce shi ke nan, ya kaɗe wani. Ko yaro ne, ko tsohuwa, ko za a zo a tafi da shi a bar ni da goyo. Ina kallonsa yana cin wake da burodi ina neman alama a fuskarsa. Ya yi wa Ummi wasa, na ce wasan mai laifi ne. Ya yi shiru, na ce shirun mai laifi ne. Surukata ta ce, "Ke 'yar nan, zargi zai ƙarar da ke, mutum ya yi tsabta ma laifi ne?" Na ce mata a'a Hajiya, amma a raina na ce tsabtar da ta tsaya a fuska ba tsabta ba ce.

Da safe, ya tafi masallaci ya tsaya shan shayi wajen abokansa, na goya Ummi na ɗauki tsohon burushi na fita. Na fara shafa bamba da tafin hannu ina neman lotsawa ko tsagewa, babu. Na duba fitilu, lafiya lau. Na durƙusa na zura burushi cikin raga, ina addu'a kada in ga gashi, kada in ga zaren tufa. Abin da ya fito sai na tsaya ina kallo. Nimitti ne, ƙananan ƙwarin nan kore-kore na bakin kogi, waɗanda ke taruwa da yamma kamar hayaƙi, mu kan share gawarsu a gindin fitila muna yara. Sun cika bayan raga dam. Na sake zurawa, sai ga furen bagaruwa, 'yan dunƙule rawaya, sun bushe. Na kai yatsa ƙarƙashin leɓen bamba, inda mai gaggawa ba ya gogewa, na kankaro baƙin laka mai danƙo. Umbadda ba ta da baƙin laka. Na san inda ake samun ukun nan tare, hanyar da ke bin dajin bagaruwa a bakin kogi, ta wuce Alshajara, ta nufi Kalakla. Na yi hamdala bai kashe kowa ba, kafin in rufe baki kuma fushi ya taso mini.

Ya dawo ya same ni a tsugune, na tara abin a kan murfin bokiti.

"Ikon Allah," ya ce, "yanzu shingen bincike har ƙofar gida ya iso? In kawo takardun mota, ranki ya daɗe?"

"Baban Ummi, ina ka je jiya?"

"Ina kuwa? Kasuwa, Umbadda, kasuwa."

"Waɗannan fa? A kasuwa ake sayar da nimitti?"

Ya leƙa, ya sosa ƙeya. "Ai na kai wani fasinja bakin kogi, nan wajen masu kifi. Kin san Omdurman ma tana da kogi."

"Tana da shi. Wajen masu kifin ne bagaruwa ke zubar da fure a titi? Can ne baƙin laka ya kama ka?"

Ya dubi bamba, ya dubi farin tabon da feturinsa ya yi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni da na auri 'yar mai wankin mota, ni na jawo wa kaina."

Ya zauna a bakin ƙofar motar ya faɗa mini. Ya ce Umbadda ta cika da amjad da raksha, keken nan mai ƙafa uku, fasinja ba su da yawa, a can kuwa mutane na komawa da ƙullin kayansu ba mai kai su. Ya ce madarar Ummi da maganin Hajiya daga gadar nan suke fitowa. Ya ce rantsuwa zai yi kaffararta, ya riga ya tambayi malam. Sai ya ƙara da abin da ban tambaya ba. "Na je gidanku. Babu ƙofofi, babu tagogi. Gangar Baba na nan, ta huje. Darbejiyar an sare ta, ina jin itacen girki aka yi, kututture ya rage." Sannan ya ce, "Kuma duk wanda na ɗauka ɗan unguwarku, sai na tambaye shi labarin Yaya. Ban samu komai ba tukuna. Na so in samu kafin in gaya miki."

Na ji kamar in zauna a ƙasa irin na direban nan. Ummi ta fara mutsu-mutsu a bayana, na jijjiga ta.

"Ba ƙetarewar ce ta fi ci mini rai ba," na ce masa. "Da jiya ba ka dawo ba, ina zan nufa? Kasuwa zan je, in bi asibitocin Omdurman da yarinya a baya, kana can ƙetare. Haka Yaya ya yi mana. Ka san haka ya yi mana."

"Na sani. Don kada hankalinki ya tashi ne."

"Ga shi nan kwance, ka gani."

Na so in ce ya sake rantsewa. Na dube shi na ga in ya rantse ma zai sake sayen fetur ɗin goge bamba ne kawai, ya ƙara iya ɓoyewa. Ba ni da abin da zan ba Ummi in ya zauna. Sai na ce, "To ji sharaɗina. Daga yau hannunka ba ya taɓa fuskar motar nan. Ko kashin tsuntsu ne ka bar shi. Ni zan wanke ta kowace safiya. Ka faɗa mini inda za ka kafin ka fita, in ka dawo kuma ita ma ta faɗa mini nata. Ranar da bakinku ya saɓa, ni da kai ne."

"Wato ni da amjad za a riƙa yi wa tambayoyi daban-daban."

"Ita ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Haka muke yanzu. Da sassafe, kafin rana ta hau kan katanga, inji na sanyi, nake fitowa da bokiti biyu. Ruwa yana wahala a Umbadda, a wajen mai amalanken jaki muke saye, don haka da kofi nake kwararawa. In jiƙa tsohon zane in shimfiɗa a kan ƙwari, in jira, in bi raga da burushi, in tsane da auduga. Na sa ya sayo man da ake shafa wa roba don rana kada ta cinye ta, na kuma ce ya riƙa juya mata baya ga rana in ya tsaya jiran fasinja. Farin tabon fetur ɗin nan dai ya ƙi ɓacewa, na shafa na shafa, yana nan. Ba na jin daɗin abin da nake gani. Ranar da na ga jar ƙura kaɗai, nakan ci abinci. Ranar da na ga nimitti, tun daga fitarsa kunnena na bakin titi har in ji ƙarar injinsa. Maƙwabta na cewa ga matar da ta fi mijinta son mota. Su faɗa.

Shekaranjiya ya shigo yana cewa wai kututturen darbejiyar Baba ya yi toho. Na ce masa darbejiya ai ko'ina akwai ta, kuma mutumin da ya iya wanke fuska ya iya daɗa wa labari gishiri. Bai yi musu ba. Jiya da safe na durƙusa da burushina, sai ga wani ɗan ganye a cikin raga, sabon toho, ja-ja, ko yaushi bai gama yi ba. Na daɗe ina dubansa. Ganyen da iska ta jefo yakan shiga a karkace, ya yage, ya manne da ƙura. Wannan kuwa a tsaye yake, an soke tsinkensa a rami na tsakiya, daidai inda nake fara sa burushi. Iska ba ta ajiye ganye haka. Ya karya sharaɗi, ya taɓa mata fuska.

Na wanke ko'ina, na zagaye ramin nan na bar shi. Da ya fito zai tafi ya saci kallon raga, ya saci kallona. Na miƙa masa shayinsa na ce, "Ina za ka yau?"

Ya ce, "Kalakla."

Na ce, "To ka ɗauki jarka ɗaya ta ruwa. Sabon toho ba ya jure ranar nan."